Ɗaukar kiɗan jita a gida: abin da ya kamata matashi ya sani kafin ya kashe kuɗinsa

A shekarar 2008 ne wani matashi ɗan jihar Tawa, wanda duniya ta sani yanzu da suna Mdou Moctar, ya ƙetara iyaka zuwa Sakkwato ya ɗauki faifansa na farko mai suna Anar. Waƙoƙin sun yi ta yawo ta Bluetooth da katin memwar, daga salula zuwa salula, har suka isa arewacin Mali, inda wani Ba'amurke mai tattara kaɗe-kaɗe, Christopher Kirkley, ya ci karo da su. A 2011 kamfaninsa na Sahel Sounds ya fitar da wani tarin waƙoƙi mai suna Music from Saharan Cellphones, da waƙar Mdou a ciki. Shekaru goma bayan haka, faifansa na Afrique Victime ya fito a ƙarƙashin kamfanin Matador na Amurka.

Ba shi kaɗai ba ne ya bi wannan hanya. Faifan farko na ƙungiyar Les Filles de Illighadad, wanda ya fito a 2016, a filin Allah aka ɗauke shi a ƙauyensu. A 2020 kuma Sahel Sounds ya riƙa fitar da gajerun faifai wata-wata da sunan Music from Saharan WhatsApp, waɗanda makaɗan suka ɗauka da salula suka aika ta WhatsApp. Ƙungiyar Etran de L'Aïr ta Agadas ce ta buɗe jerin.

Wannan tarihi na da amfani ga matasan da ke koyon jita a Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai. Da yawansu na jinkirta ɗaukar kiɗansu har sai sun tara kuɗin shiga situdiyo, wasu kuma su kwashe abin da suka tara su sayi kayan da ba su dace da buƙatarsu ba. Alhali kyawun sauti ya fi dogara ga ɗakin da aka zauna, da inda aka ajiye makirufo, da tsabtar wutar lantarki, fiye da tsadar na'ura.

Salular da ke aljihu

Matakin farko ba ya cin ko dala. Duk wata babbar salula ta zamani na da makirufon da zai iya ɗaukar jitar katako da kyau, muddin an san inda za a ajiye ta. Kuskuren da aka fi yi shi ne a kara ta a daidai ramin da ke cikin jita. A nan ne sauti mai kauri ke taruwa, sai kiɗan ya fito a cushe kamar daga cikin randa. Wurin da ya fi dacewa shi ne daidai inda wuyan jita ya haɗu da cikinta, wajen layin ƙarfe na 12, da tazarar santimita 20 zuwa 30.

A ɗora salular a kan matashin kai ko wani abu mai laushi, kada a riƙe ta a hannu, don motsin yatsu ma shiga yake yi. A sa ta a yanayin jirgin sama don kada kira ya katse aikin. Sannan a ɗauki minti ɗaya a saurara, a matsa gaba ko baya, a sake. Wannan gwaji na rabin awa kan koya wa mutum abin da sayen sabuwar na'ura ba zai koya masa ba.

Kafin duk wannan akwai ita kanta jitar. Tsohuwar tsirkiya da ta sha gumi da ƙura ba ta da amo, kuma babu manhajar da za ta mayar mata da shi. Sabbin tsirkiyoyi su ne gyara mafi araha da makaɗi zai yi wa sautinsa. A lokacin hunturu katako na bushewa, saitin tsirkiya na saurin gocewa, don haka sai a duba shi kafin kowace ɗauka. Akwai manhajojin salula na kyauta, irin su GuitarTuna, da ke wannan aiki.

Ɗaki shi ne rabin aikin

Makirufo ba ya zaɓe. Abin da ya ji daga jita da abin da ya dawo daga bango duka yake kwashewa. Ɗakin siminti mai rufin kwano, wanda babu kaya a ciki, na mayar da sauti ta kowace kusurwa. Hanyar gane shi mai sauƙi ce: a tsaya a tsakiyar ɗakin a tafa hannu sau ɗaya. Idan aka ji wata ƙara ta biyo baya tana kaɗawa, to ita ce za ta ɓata kiɗan.

Maganin yana cikin gida. Katifa a jingine da bango, bargo a rataye a bayan makaɗi, darduma ko tabarma a ƙasa, labule a taga. Ɗakin kwana mai cike da kaya ya fi falo fayau. Ɗakin ƙasa mai kaurin bango da rufin azara kuwa yakan fi na kwano shiru da sanyi, kuma bangonsa marar santsi ba ya mayar da sauti da ƙarfi kamar siminti. Kwalin ƙwai da wasu ke mannawa a bango ba ya hana ƙarar waje shigowa, wahala ce kawai.

Lokaci ma na cikin lissafi. Injin niƙa, kabu-kabu, janaretan maƙwabta da carar zakara duk suna da lokutansu. Wanda ya san unguwarsa ya san sa'ar da take lafawa. Fanka kuwa dole a kashe ta yayin ɗauka, ko da a watan Afrilu ne, saboda iskarta na bugun makirufo kai tsaye.

Akwatin sauti

Mai jitar lantarki, ko wanda ke son ya jera kiɗa hawa-hawa, shi ne ke buƙatar sayen na'ura ta farko. Ita ce ƙaramin akwatin da masu situdiyo ke kira kart-son. Aikinsa shi ne ya karɓi sautin jita ko na makirufo ya mayar da shi abin da kwamfuta ke fahimta, ta hanyar igiyar USB. Soka jita kai tsaye a ramin makirufon kwamfuta ba ya bada sakamako mai kyau, saboda ba don jita aka yi ramin ba. Sautin kan fito siriri, da ƙara a bayansa.

Abubuwa huɗu ake dubawa kafin a biya kuɗi. Na farko, ya kasance da mashigar jita ta musamman, wadda ake rubuta INST ko Hi-Z a jikinta. Na biyu, ya kasance da mashigar makirufo mai ramuka uku, wato XLR. Na uku, ya kasance da maɓallin da ke bari mutum ya ji kansa kai tsaye ba tare da jinkiri ba. Na huɗu, ya riƙa samun wutarsa daga igiyar USB kaɗai.

Daga cikin waɗanda suka cika waɗannan sharuɗɗa akwai Behringer UM2 da UMC22 a ɓangaren masu araha, da Focusrite Scarlett Solo wanda ya fi su tsada da kuma tsabtar sauti. Ga wanda ba shi da kwamfuta, akwai ƙananan na'urori irin su iRig na kamfanin IK Multimedia da ke haɗa jita da salula. Sai dai a nan a yi hattara: wasu ta ramin abin sauraro suke shiga, kuma sabbin salula da yawa ba su da wannan rami. Hikima ita ce a je wurin mai kaya da salular da jitar, a gwada a gabansa. Mutum ɗaya da jitarsa ba ya buƙatar akwati mai mashiga takwas. Biyu sun isa.

Makirufo da abin sauraro

Makirufo iri biyu ne aka fi samu. Akwai mai juriya, irin wanda ake riƙewa a wurin biki, akwai kuma mai saurin ji na situdiyo, wanda ke buƙatar wuta mai ƙarfin bolt 48 daga akwatin sauti. Matasa kan yi sha'awar na biyun saboda shi suke gani a bidiyon mawaƙa. Amma saurin jinsa na nufin zai kwaso kukan akuya da hirar tsakar gida tare da kiɗan, ga shi ba ya son ƙura da faɗuwa. A gidan da ba a keɓe ɗaki don sauti ba, mai juriyar ya fi dacewa.

Shure SM57, wanda aka fara ƙerawa tun 1965, shi ne aka fi sani wajen ɗaukar jitar lantarki. Ana kara shi dab da gaban ampili, ɗan gefe da tsakiyar lasifikar. Shaharar tasa ta sa jabunsa sun cika kasuwanni, don haka idan aka ga farashinsa ya faɗi ƙasa warwas, sai a tuna cewa araha ba ta ado.

Game da sauraro, abin sawa a kunne mai igiya, wanda ke rufe kunne gaba ɗaya, shi ne ya dace. Na Bluetooth na da jinkiri tsakanin bugun tsirkiya da isowar sauti, wanda ke rikita makaɗi idan yana bin kiɗan da ya riga ya ɗauka. Manyan lasifikun situdiyo na iya jira. Bayan an gama haɗa waƙa, a saurare ta a ƙaramar salula da rediyon mota, tunda a nan ne yawancin jama'a za su ji ta.

Manhaja

A wannan ɓangare ba sai an kashe kuɗi ba. Audacity manhajar kwamfuta ce ta kyauta tun shekarar 2000, tana aiki ba tare da intanet ba, kuma tsohuwar kwamfuta na iya ɗaukarta. Ta isa a ɗauki kiɗa, a yanke, a jera sautuka. BandLab na aiki a salular Android da iPhone, tana da kwaikwayon ampili da na ganga a ciki, sai dai a intanet take ajiye ayyuka, don haka tana cin kuɗin data. GarageBand kyauta ce amma ga masu kayan Apple kaɗai. Wanda ya ƙware yana son ƙarin iko zai iya komawa Reaper, wadda ake gwadawa kwana 60 kyauta, lasisinta na mai ƙaramin ƙarfi kuma dalar Amurka 60 ne, wato wajen jika 35 na sefa.

Manhajojin sata da ake kwafa a shagunan tura waƙoƙi na da haɗari, don sau da yawa da ƙwayoyin cutar kwamfuta suke zuwa. Gara mutum ya riƙe guda ɗaya ta halal ya san ta ciki da waje.

Ko wace aka zaɓa, ƙa'idar ɗaya ce. Kada a ƙure ƙarfin shigar sauti. Idan fitilar akwatin ta nuna ja, sautin ya fashe, kuma fasasshen sauti ba ya gyaruwa. A bar ma'aunin yana tsayawa wajen -12 zuwa -6. A fara da jitar da ke riƙe da zubin kiɗan, a bi da mai yin kwalliya, sannan ƙwarya ko tafi, murya ta zo a ƙarshe.

Matsalar wuta

Kaso mai yawa na wutar da ake sha a kudancin Nijar daga Tarayyar Najeriya take zuwa, kuma jama'a ba su manta da katse ta da aka yi a watan Agustan 2023 ba. Ga mai ɗaukar kiɗa, wannan na nufin kwamfutar tafi-da-gidanka mai batir mai rai ta fi ta tebur, ko da ta tebur ɗin ta fi ƙarfi. Idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar waƙa, ita da akwatin sautin da ke jikinta za su ci gaba da aiki.

Akwai kuma ƙugin nan da ke fitowa daga jitar lantarki ko ba a taɓa ta ba. Maganaɗisun da ke ƙarƙashin tsirkiyoyi ne ke jawo shi daga wayoyin gida, da fitilar neyon, da cajar salula. Sau da yawa cire cajar kwamfuta daga bango ya isa ya kashe shi. Idan bai tafi ba, makaɗin ya juya kujerarsa a hankali har ya sami fuskar da ƙugin ya ragu. Igiyar jita gajera mai kauri ta fi doguwa mai araha. Bayan aiki kuma a rufe kaya da ƙyalle ko a mayar da su jaka, saboda ƙurar hunturu ce ke shiga ramuka ta haddasa ƙarar ƙas-ƙas.

Ajiya da haƙƙin mallaka

Waƙar da aka sha wahalar ɗauka na iya salwanta a rana ɗaya idan salula ta ɓace ko kati ya lalace. A ajiye asalin aikin a tsarin WAV, wanda ke cin wajen megabait 10 a kowane minti, a wurare biyu daban. MP3 na rabawa ne, cinsa bai kai ko kusa da na wancan ba. Idan za a tura wa wani ta WhatsApp don ya ƙara aiki a kai, a tura ta a matsayin takarda, domin saƙon murya matse sauti yake yi ya zubar da wani ɓangarensa.

Waƙa kuma dukiya ce. Hanyar da ke kai ta nesa ita ce ke raba ta da sunan mai ita, kamar yadda Kirkley ya sha neman makaɗan da ya tsinci waƙoƙinsu a katin memwar kafin ya iya biyansu. A rubuta sunan makaɗi da na waƙa a jikin kowane fayil, sannan wanda ya ƙirƙiri waƙarsa ya nemi yi mata rajista a hukumar kare haƙƙin mawallafa ta ƙasa, wato BNDA.

Ga mai ƙaramin ƙarfi, jerin sayayyar a bayyane yake: sabbin tsirkiyoyi da igiya mai kyau, sai abin sauraro mai igiya, sai akwatin sauti, sannan makirufo. Kowane mataki a ba shi watanni ana aiki da shi kafin a ƙara wani, don kunne ya gane abin da ya rage. Wanda ya shiga situdiyo a Yamai ko Kano da waƙar da ya riga ya ɗauka sau ashirin a ɗakinsa, awa biyu sun ishe shi, kuma ya san abin da zai nema daga mai haɗa sauti.