Baƙin Kaka A Fadamar Haɗeja

Idan damina ta ɗauke, masu shinkafa suka fara wasa lauje, sai fadamar Haɗeja ta cika da agwagin daji. Waɗansu 'yan gida ne, kamar dinya da kirinjijiya mai farar fuska, wadda za ka ji fito nata tun ba ka gan ta ba. Waɗansu kuwa baƙi ne. Akwai wata 'yar ƙarama da Turawa ke kira gargani. Daga ƙasashen Turai da Rasha take tasowa, ta ƙetare hamadar Sahara, ta sauka nan wajen watan Oktoba.

Bara na ari kyamara na tafi Baturiya, a ƙaramar hukumar Kiri Kasamma, don in samo wa 'yan ajina hotunansu. Na yi kuskure na sa farar riga. Kafin in ɗaga kyamarar duk sun tashi, na koma gida da hoton ruwa zalla! Yara suka sha dariya.

Wani tsohon masunci ne ya gyara mini. Ya ce in zo da asuba cikin tufa mai duhu, in zauna a kwalekwalensa kada in motsa. Mai karatu, in za ka gwada, ka bar rana a bayanka, ka sunkuya daidai da ruwa, ka jira tsuntsu ya matso da kansa. Kada ka yi tsammanin ado wurin gargani da kaka. Sai wajen Fabrairu namijin yakan fito da farin layi a bisa idonsa.

Muna zaune tsohon ya nuna mini inda yakan jefa taru yana saurayi. Yanzu kachala ce ta rufe wurin. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, ambaliya ba ta zuwa yadda ta saba. Wani wuri ya bushe, wani kuma ruwa ya kwanta shekara zagaye, ciyawar nan ta toshe hanyoyinsa. Agwagwa tana son buɗaɗɗen ruwa marar zurfi, haka ma mai shinkafa da masunci.

A 2008 aka sa Baturiya cikin fadamun da duniya ta amince a kiyaye, ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar. A ganina takarda kaɗai ba ta cire kachala. Hotuna uku suka yi kyau a cikin duk waɗanda na ɗauka ran nan, na manna su a bangon aji.