Linux ko BSD: Zaɓin da ke gaban makarantu da ofisoshin Kebbi bayan Windows 10

A ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya daina aika wa Windows 10 gyare-gyaren tsaro na kyauta, sai ga wanda ya shiga shirin ƙarin wa'adi. Windows 11 kuwa ba ta hawa kowace kwamfuta, domin tana buƙatar wani ɓangaren tsaro mai suna TPM 2.0 da inji na baya-bayan nan. Tsofaffin kwamfutoci 'yan kwance, irin waɗanda suka cika shagunan buga takardu a Birnin Kebbi da Argungu, da yawansu ba za su cika wannan sharaɗi ba.

Hanyoyi uku suka rage: a sayi sababbin na'urori da Nairar da ta faɗi warwas tun 2023, ko a ci gaba da aiki da manhajar da ƙofarta ke buɗe ga ɓarayin intanet, ko a koma ga buɗaɗɗiyar manhaja. Hanya ta uku ita ce ba a cika yi wa jama'a bayaninta ba.

Daga ina suka fito?

Buɗaɗɗiyar manhaja ita ce wadda aka bayyana rubutun da aka gina ta da shi, kowa na da 'yancin dubawa da gyarawa da rabawa. A cikin manyan manhajojin da ke tafiyar da kwamfuta, gidaje biyu ne suka yi fice, kuma dukansu a kan tsarin Unix suka ginu, wanda aka ƙirƙira a ɗakin bincike na Bell da ke Amurka a 1969.

Gida na farko shi ne BSD, wanda ya tsiro a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, ya haifi FreeBSD a 1993, daga baya kuma OpenBSD. Na biyu shi ne Linux, wanda wani ɗalibi ɗan ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya fara a 1991, aka haɗa shi da kayan aikin GNU. Daga nan aka samu Debian a 1993, da Ubuntu wadda ɗan Afirka ta Kudu Mark Shuttleworth ya kafa a 2004, da Linux Mint. Duk mai riƙe da wayar Android yana amfani da Linux ko bai sani ba.

Babban bambancinsu yana cikin lasisi. Na Linux ya wajabta wa duk wanda ya gyara manhajar kuma ya raba ta, ya bayyana gyaran da ya yi. Na BSD bai ɗora wannan nauyi ba, shi ya sa kamfanin Sony ya gina manhajar PlayStation 4 a kan FreeBSD ya kuma rufe abinsa.

A kan teburin ɗalibi da ma'aikaci

Ga ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi ko na Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu, Linux ta fi dacewa nesa ba kusa ba. Linux Mint tana kama da Windows a fuska, kuma nau'inta mai suna Xfce yana gudu lafiya a kan tsohuwar kwamfuta. Ubuntu na fitar da nau'i mai dogon zango a watan Afrilu na kowace shekara biyu, tare da gyaran tsaro na shekara biyar kyauta. Ana sauke manhajar sau ɗaya a filashi, a ɗora wa kwamfutoci hamsin ba tare da an karya doka ba. Akwai ma tsarin allon rubutu na Hausa mai ɗauke da ɓ, ɗ da ƙ.

FreeBSD takan ba da wahala a nan, musamman wajen kama Wi-Fi a kan kwamfutar tafi-da-gidanka. Ita ma Linux ba ta rasa nata cikas ba: CorelDraw da Photoshop, waɗanda masu zana katin biki da fastocin 'yan siyasa suka dogara da su, ba su da nau'in Linux. Akwai Inkscape da GIMP a madadinsu, da LibreOffice a madadin Word da Excel, amma sai an sake koyo, kuma wani lokaci tsarin takarda yakan ɗan sauya idan aka buɗe ta a wata manhajar.

A ɗakin saba

Saba ita ce babbar kwamfutar da ke riƙe da bayanai tana rarraba wa sauran: sakamakon jarrabawa, jadawalin albashi, fayil ɗin marasa lafiya. A wannan fage Linux ta daɗe da yin kaka-gida. Tun watan Nuwamban 2017, dukkan kwamfutoci 500 mafiya ƙarfi a duniya da ita suke aiki. Debian da Ubuntu su ne mafi sauƙin samun wanda ya iya.

Amma a nan ne BSD ke nuna bajintarta. Netflix na tura finafinansa ta na'urori masu aiki da FreeBSD, kuma a kanta aka gina pfSense da OPNsense, masu gadin hanyar sadarwar ofis. Tsarin ajiyarta na ZFS yana gano bayanan da suka lalace, kuma ba ya rikicewa cikin sauƙi idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki, abin da duk mai zaune a Kebbi ya san muhimmancinsa. OpenBSD kuwa ta yi suna wajen tsaro. Matsalar ita ce ƙarancin ƙwararru a kansu.

Akwai kuma darasi a labarin CentOS. Bayan IBM ya sayi Red Hat a kan dala biliyan 34 a 2019, an sanar a Disambar 2020 cewa za a datse wa'adin CentOS 8. Da yake rubutun a buɗe yake, sai jama'a suka kafa Rocky Linux da AlmaLinux suka ci gaba. Masu Windows 10 ba su da irin wannan mafita.

Inda siyasa ta shigo

Najeriya ta taɓa shiga wannan muhawara. A 2007 aka ƙulla cinikin kwamfutocin 'yan makaranta 17,000 masu ɗauke da Mandriva Linux, har shugaban kamfanin ya rubuta wa shugaban Microsoft buɗaɗɗiyar wasiƙa yana zarginsa da yunƙurin sa a maye gurbinta da Windows. A Jamus, birnin Munich ya zaɓi Linux a 2003, sannan a 2017 majalisarsa ta kaɗa ƙuri'ar komawa Windows. A 2024 kuma jihar Schleswig-Holstein ta ƙasar ta sanar da shirin mayar da kwamfutoci kusan 30,000 zuwa Linux. Jihar Kerala ta Indiya ta daɗe tana amfani da ita a makarantun gwamnati, bayan ta ba da ƙarfi ga horar da malamai.

Abin da waɗannan misalai ke nunawa shi ne, manhajar kyauta ce amma kula da ita ba kyauta ba ce. Sai dai kuɗin lasisi waje yake fita, na horo da albashi kuwa yana iya tsayawa a hannun waɗanda suka kammala Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru ko jami'ar jiha da ke Aliero. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta kuma ɗora wa duk hukumar da ke riƙe da bayanan jama'a alhakin tsare su.

Saboda haka, idan aka gabatar da kasafin kuɗi mai ɗauke da sayen kwamfutoci, matasa na da hurumin tambayar 'yan majalisarsu: nawa aka ware wa lasisi, nawa aka ware wa horar da ma'aikata, kuma ina za a kai tsofaffin na'urorin da har yanzu suke da sauran amfani?