Me Ya Sa Waya Ke Rufe Manhaja Da Kanta?

Wani mai sauraronmu, ɗan kasuwar hatsi daga Gwiwa a masarautar Kazaure, ya aiko da tambaya. Ya ce sau da yawa yana cikin tura kuɗi ta waya, sai ya fita ya duba lambar da banki ya aiko masa, kafin ya dawo manhajar ta rufe, ga mai kaya a tsaye yana jira. Shin wayar ce ta lalace?

To malam, wayarka lafiyarta lau, wuri ne ya yi mata kaɗan. Waya tana da rumbu inda take ajiye hotuna da saƙonni, tana kuma da abin da ake kira ram, watau kamar tabarmar da kake baza hatsi a kai lokacin awo. Duk manhajar da ke aiki sai ta sami gurbi a tabarmar nan. A ƙananan wayoyi masu gigabait 1 ko 2, nan da nan take cika.

In ta cika, Android, wadda aka gina a kan Linux, takan fara matse abin da ba a taɓawa. In hakan bai wadatar ba, sai ta kori wasu. Amma fa ba da ka take yi ba. Kowane aiki yana da maki, daga 1000 a ƙasa da sifiri zuwa 1000 a sama, mai maki mafi yawa shi ake fara sallama. Ayyukan da ke riƙe da wayar kanta, har da sashen kira, suna can ƙasa, da wuya a taɓa su. Sai abin da ke gabanka, sai karatu ko waƙar da kake saurare. Da ka fita daga manhajar banki, ta bar sahun gaba ke nan.

Dabarar ma ba sabuwa ba ce. Ran 20 ga Yuli 1969, kwamfutar kumbon Apollo 11 na Amurka ta cika da aiki ana dab da sauka a duniyar wata. Sai ta watsar da ƙananan ayyuka, ta riƙe na tuƙi, aka sauka lafiya.

Shawararmu, in lambar ta shigo, ka jawo ta daga saman gilashi ka karanta ba tare da ka fita ba. Ka cire manhajojin da ba ka amfani da su, musamman masu aiki a ɓoye. Sayen memori kuwa, kada ka wahalar da aljihunka, rumbu yake ƙarawa, tabarmar tana nan yadda take. Su kuma manhajojin nan masu cewa suna share waya, su ma gurbi suke ci.