Rashin haihuwa: Shin ƙwayar folik asid tana taimaka wa maza?

A Kanan-Bakashe da ke gundumar Mayahi a jihar Maraɗi, kamar sauran ƙasar Hausa, idan aure ya shekara biyu babu ciki, matar ake fara kallo. Ita ke yawon asibiti da gidan mai magani, wani lokaci kuma a yi mata kishiya. Amma likitoci sun daɗe da gano cewa a kusan rabin matsalolin rashin haihuwa akwai hannun namiji.

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna cewa kusan mutum ɗaya cikin shida a duniya na fuskantar wannan matsala a rayuwarsa.

Cikin abubuwan da masana ke bincike a ɓangaren maza akwai sinadarin folet, wato bitamin B9. Jiki na buƙatarsa wajen gina sababbin ƙwayoyin halitta, har da na maniyyi, waɗanda kan ɗauki kusan kwana 74 kafin su nuna. Akwai ƙwayar gado mai suna MTHFR da ke taimaka wa jiki sarrafa shi. A jikin wasu mazan ba ta aiki da ƙarfi, kuma wasu nazarce-nazarce sun alaƙanta hakan da raunin maniyyi. Wannan nau'in ya fi yawa a Turai da Asiya fiye da Afirka.

To ko shan ƙwayar folik asid zai magance matsalar? Wani babban gwaji a Amurka, wanda mujallar likitoci ta JAMA ta wallafa a Janairun 2020, ya bi ma'aurata 2,370 da ke neman maganin haihuwa. Rabin mazan sun sha miligiram 5 na folik asid da miligiram 30 na zinc kullum har wata shida, sauran kuma aka ba su ƙwayar da babu magani a ciki. Waɗanda suka samu haihuwa a rukunin farko kashi 34 cikin ɗari ne, a na biyu kashi 35. Ingancin maniyyi ma bai ƙaru ba, sai ma ƙorafin ciwon ciki.

Ga mata lissafin daban ne: ana ba su shawarar shan maikirogiram 400 kullum tun kafin ɗaukar ciki, domin kare jariri daga nakasar laka da ƙwaƙwalwa.

Shi kuwa maigida, folet yana cikin abincin da ake nomawa a Mayahi da Tasawa: wake, gyaɗa, zogale da alayyahu, sai dai dahuwar ganye fiye da kima na rage shi.

Saboda haka ɗan ci-rani da ke shirin aiko wa ɗan'uwansa kwalaben ƙwayoyi daga Legas ko Tarabulus, gara ya biya masa kuɗin gwajin maniyyi. Gwajin ne zai nuna wa likita inda matsalar take, ya kuma sauke wa matar nauyin zargin da take ɗauke da shi ita kaɗai.