Yadda A Ke Gwada Wayoyin Cikin Kwamfuta Tun Ba A Ƙera Su Ba

Da yawa daga cikinmu mun ɗauka waya hanya ce kurum, lantarki ya shiga ta wannan baki ya fita ta wancan nan take. To, ba haka al'amarin ya ke ba, Turawa kuwa sun sha wuya kafin su tabbatar. A cikin 1858 aka shimfiɗa wayar tangarahu ta fari a ƙarƙashin tekun Atlantika. Saƙon da Sarauniya Biktoriya ta aika wa Shugaban Amurka kalma 98 ne, amma sai da ya ci wajen sa'a 16 kafin ya gama isa. Tun kafin wannan wani masani, William Thomson, ya riga ya nuna cewa in an ninka tsawon irin wannan waya sau 2, jinkirinta zai ninku sau 4.

Dalili shi ne, kowace waya tana turje wa lantarki, tana kuma riƙe wani abu daga cikinsa, kamar yadda busasshiyar hanyar ruwa ta lambu ta kan sha nata kafin ruwa ya isa ga shuka.

Wannan tsohuwar matsala ita ce ta komo cikin kwamfuta. Ƙwaƙwalwar kwamfuta ɗan guntun silikon ne mai ɗauke da ƙananan makunnai da a ke kira taransista. Wadda kamfanin Intel ya fitar a 1971 tana da 2,300, na yanzu kuwa suna da biliyoyi, duka an haɗa su da wayoyin da suka fi gashi siranta nesa ba kusa ba. In taransista ya ƙanƙance sai ya ƙara sauri, amma in waya ta sirance sai turjiyarta ta ƙaru. Shi ya sa a 1997 kamfanin IBM ya sanar da komawa ga jan ƙarfe maimakon alminiyam. Ban da jinkiri, waya ta kan yi wa maƙwabciyarta katsalandan, saƙo kuma ya kan bugi ƙarshen waya ya komo kamar amsa-kuwwa.

Ƙera sabuwar ƙwaƙwalwa aiki ne mai cin dukiya da watanni, in kuwa an gama ba a iya kwance ta a gyara. Saboda haka tilas injiniyoyi su gwada ta da lissafi tukuna. A 1973 Laurence Nagel da malaminsa Donald Pederson na Jami'ar Kalifoniya a Bakli suka fito da tsarin gwaji mai suna SPICE, wanda ke bin kowane ɓangare ɗaya bayan ɗaya. Amsarsa amintacciya ce, sai dai in wayoyi sun kai miliyoyi, jiran amsar ya kan wuce kima.

Mafita ita ce taƙaitawa. Akawu ya san wannan sarai, domin ba ya kai wa magabata littafin haraji shafi-shafi, jimla ya ke kaiwa. Tun a 1948 W. C. Elmore ya kawo hanyar kimanta jinkiri da lamba guda, a farkon shekarun 1980 aka ɗora ta a kan wayoyin kwamfuta: a ninka kowace turjiya da yawan riƙon lantarkin da ke gabanta, sa'an nan a tara. A 1990 Lawrence Pillage da Ronald Rohrer na Jami'ar Carnegie Mellon suka faɗaɗa wannan da hanyar AWE, watau a maye gurbin dubban ɓangarori da ɗan ƙaramin misali wanda halinsa ya yi daidai da nasu a mashiga da mafita.

Amma fa taƙaitawa tana da haɗari. Waya ba ta haifar da lantarki don kanta, duk da haka wani taƙaitaccen misali ya kan nuna kamar tana haifarwa, sai lissafin duka ya watse. A 1995 Peter Feldmann da Roland Freund na ɗakunan bincike na Bell suka kawo hanyar PVL, wadda ta rage kurakuran ƙidaya. A 1997 kuma aka gabatar da PRIMA, wadda ta tabbatar cewa misalin ba zai ba da ƙarfin da ba a zuba masa ba.

Muna roƙon malamai su lura da wannan in suna koyar da lissafi. Yaron da ya iya ƙiyasi, ya kuma san abin da za a iya zubarwa da abin da ba a taɓawa, ya kama hanyar da waɗannan masana suka bi. Allah ya sa 'ya'yanmu su kai ga wannan ilmi, amin.