Takalmin shiga daji: wane iri ya kamata mu saya?

Ƴan'uwa manoma, makiyaya da mafarauta na ƙasar Dakoro, kun san ko an gama girbi ƙafa ba ta hutawa. Wani ya bi dabbobi zuwa kwarin Tarka. Wani ya tafi neman itace ko ciyawa. Wani kuma ya ɗauki sanda, ya kira karensa, ya shiga farauta. Dukansu ƙasa ɗaya suke takawa: rairayi mai zafi, da ƙaya ko'ina.

Mutumin da ƙafarsa ta rasa lafiya ba ya kiwo, ba ya noma. Ƙaya guda ɗaya tana iya kwantar da magidanci har lokacin shuka ya wuce. Saboda haka zaɓen takalmi ba ƙaramar magana ba ce. Takalmin daji na kirki shi ne wanda ba shi da nauyi, amma yana tsare ƙafa. Ga abubuwa biyar da za a duba kafin a biya kuɗi.

1. Kada ya yi nauyi

Wasu suna tsammani takalmi mai nauyi shi ne mai ƙarko. Ba kullum ba ne. Mu yi lissafi. A cikin kilomita 1, mutum yana yin taki kusan 1.300. Wanda ya yi tafiyar kilomita 20 a yini ya ɗaga ƙafa kusan sau 26.000 ke nan. Kowane taki sai ya ɗaga takalmin tare da ƙafar.

A shekarar 1969 masu bincike a ƙasar Amurka sun gwada wannan. Sun ɗora wa mutane kaya a kai, da hannu, da ƙafa, suka sa su tafiya. Sai suka gano nauyin da ke ƙafa ya fi gajiyar da mutum nesa ba kusa ba. Kilo 1 a ƙafa yana cin ƙarfin mutum kamar wajen kilo 5 da aka ɗauka a jiki.

A ƙasarmu abin ya fi haka wuya, domin rairayi yana riƙe ƙafa. Wanda ya gaji kuwa shi ke tuntuɓe, shi ke taka abin da bai gani ba. Idan kun je kasuwa, ku ɗauki takalma iri biyu, ɗaya a kowane hannu. Hannu zai gaya muku gaskiya.

2. Tafinsa ya hana ƙaya wucewa

Ƙarangiya tana manne wa mutum, tana sa ƙaiƙayi da zafi. Tsidau yana kwance a ƙasa da tsininsa sama. Amma waɗanda suka fi haɗari su ne dogayen ƙayoyi, kamar ta aduwa da ta bagaruwa. Ƙayar aduwa tana kai tsawon ɗan yatsa, kuma tana da tauri. Takalmin roba mai laushi ba ya tsayar da ita.

Don haka, in za a sa nauyi a takalmi, to a tafi za a sa shi, ba a sama ba. Tafi iri biyu ne suka dace da mu. Na farko shi ne ƙirgin saniya mai kauri, an ninka shi biyu an ɗinke. Na biyu shi ne tafin tsohuwar taya. Tafin taya yana daɗewa ƙwarai, kuma zafin rairayi ba ya saurin ratsa shi. Sai dai a gaya wa mai yi kada ya yanko wuri mai kauri da yawa, kuma ya duba kada ya zama da waya a ciki. Wayar taya in ta fito, ita ma sukan ƙafa take yi.

Ga yadda ake gwadawa. A lanƙwasa takalmin da hannu. Ya kamata ya lanƙwasu a wajen yatsu, inda ƙafa take lanƙwasawa, amma tsakiyarsa ta tsaya da ƙarfi. Sa'an nan a danna ƙayar aduwa a tafin. In ta shige da sauƙi, a ajiye shi.

3. Ya rufe ƙafa har bisa idon sawu

Balka da sauran takalma masu buɗaɗɗen sama suna da daɗin tafiya a kan rairayi. Ba su da nauyi, iska tana shiga. Amma sun bar yatsu da bayan ƙafa a fili. A cikin gari ko a kan hanya ba laifi. A cikin ciyawa da sarƙaƙiya kuwa, akwai abin da ya fi ƙaya.

Kububuwa ƙarama ce, launinta kamar na ƙasa, ba a saurin ganinta. Dafinta yana hana jini daskarewa, har mutum ya yi ta zubar da jini. Kasa kuma ba ta gudu, kwanciya take yi har a taka ta. Yawancin waɗanda maciji ke sara a daji da gona, a ƙafa ne ko a ƙwauri. Saran maciji ya dami ƙasashe da yawa, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin manyan cututtukan da aka yi sakaci da su a shekarar 2017.

Takalmi sau-ciki wanda ya hau bisa idon sawu da kamar yatsa huɗu yana rage wannan haɗari ƙwarai. Ba ya hana kowane sara, amma haƙorin ƙaramin maciji sau da yawa a fata yake tsayawa. A haɗa shi da dogon wando mai kauri, mai yalwa. Da dare kuma a riƙe tocila.

Wanda maciji ya sara, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya tamau. A cire masa takalmi, a hana shi tafiya da ƙafa, a ɗauke shi zuwa gidan likita nan da nan.

4. Samansa ya bar ƙafa ta sha iska

Dogon takalmin danƙo yana da amfani da damina, a fadama ko a bakin tabki. Amma da bazara ba a iya yini da shi. Yana da nauyi, kuma gumi ba ya fita. Ƙafar da ta jiƙe da gumi takan yi laushi, ta yi bororo, tsakanin yatsu ya yi rauni.

Fata ta fi roba a nan, don tana barin gumi ya fita. Kuma ba sai mun je nesa ba. Fatar jar akuyar Maraɗi ta yi suna har ƙasashen Turai saboda laushinta da ƙarfinta. Majemanmu suna jeme ta da ƴaƴan bagaruwa, dukawanmu sun iya ɗinka ta. Baduku yana iya yin saman takalmi da fatar akuya, ya ƙara ƙirgi a wajen yatsu da diddige, inda ƙafa ta fi cin karo. Ta haka takalmi zai yi sauƙi a inda ake son sauƙi, ya yi tauri a inda ake son tauri. In ya tsinke kuma, mai gyara yana nan kusa.

5. Ya zama daidai ƙafar mai shi

Ƙafa tana ɗan kumbura idan an yini ana tafiya. Saboda haka da marece ya fi kyau a gwada takalmi. A sa ƙafa biyu duka, a miƙe tsaye, a taka. A bar fili kamar faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsun ƙafa da bakin takalmi. Diddige kada ya riƙa fita yana komawa. Igiya ko maɗauri ya kama wuyan takalmin sosai, don kada rairayi da ƙarangiya su zuba ciki.

Sabon takalmi ba a fara doguwar tafiya da shi. A yi ƴan kwanaki ana sa shi a gida da kasuwa tukuna, har ya saba da ƙafa.

Yadda za a kula da shi

Fata tana son mai. A riƙa shafa mata ɗan man shanu ko man kaɗe, don kada ta bushe ta tsage lokacin hunturu. In ta jiƙe, a shanya ta a inuwa, ba a bakin wuta ba. A cire ƙayoyin da suka maƙale a tafi kowane marece. Da safe kuma a kife takalmin a kakkaɓe kafin a sa ƙafa, domin kunama tana son wuri mai duhu.

Idan ƙaya ta soki mutum da zurfi, ya cire ta, ya wanke wurin da ruwa mai tsabta da sabulu. Sa'an nan ya je gidan likita a duba ko yana bukatar allurar rigakafin tetanos, ciwon nan da ke sandarar da muƙamuƙi da jiki duka.

Tunatarwa ga mafarauta

Takalmi mai kyau ba izinin shiga ko'ina ba ne. Doka mai lamba 98-07 ta ranar 29 ga watan Afrilu 1998 ta tsara farauta a Nijar, kuma ta faɗi namun dajin da aka hana kashewa. Gandun dajin Gadabeji, da ke arewa da Dakoro, an keɓe shi tun shekarar 1955, ba a farauta a cikinsa sam. A shekarar 2018 an kai raƙuman dawa 8 can daga yankin Kure, don su sake hayayyafa. Wanda yake son farauta ya fara zuwa wajen ma'aikatan gandun daji, su gaya masa lokaci, da wuri, da takardar da ake bukata.

Jama'a, araha ba ta ado. Kuɗin takalmi mai kyau bai kai kuɗin jinya ba, balle asarar damina guda. Ranar kasuwa mai zuwa, ku tafi da ƙayar aduwa a hannu, ku auna nauyi, ku gwada tafi, ku duba wuya, sa'an nan ku yi ciniki.