Daga Assamaka zuwa ɗakin gwaji: ƴaƴan wa za su gaji aikin?

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa bin hanyar Tamanrasat ya san Assamaka: ofishin duwan, barikin soja, manyan motoci jere cikin rairayi, sai iska. Daga nan zuwa Arlit kilomita wajen 200 ne. Yaron da aka haifa a wannan gari, ko a wani zango na makiyaya da ke kewaye da shi, idan Allah ya ba shi kai, ina zai bi har ya zama mai binciken jini, ko ruwa, ko irin shuka?

Tambayar ba ta wasa ba ce. An kafa kamfanin Somaïr a 1968, ya fara fitar da uraniyom a 1971. Cominak ya biyo baya a 1974, ya haƙa ramin Akuta, ya yi aiki har ranar 31 ga Maris 2021 da aka rufe shi. A watan Yuni 2025 gwamnati ta mayar da Somaïr mallakar ƙasa. Shekaru fiye da hamsin ke nan ana tonon arziki a Ayar, amma abin da Cominak ya bari a bayan gari, tarin dusar ma'adini mai tururi wajen tan miliyan 20, zai daɗe fiye da jikokinmu. Dole a riƙa auna ruwan rijiyoyi, da iska, da kayan lambu, da lafiyar tsofaffin ma'aikata. A 2003, lokacin da ƙungiyar Aghir In'Man ta Almustafa Alhasan ta so sanin gaskiyar abin da mutanen Arlit ke sha, sai da ta gayyato masanan CRIIRAD daga Faransa. Kowa ya san wanda ya ari riga ba ya sakewa a cikinta.

Ba a ce ƙasar nan ba ta da masana ba. A Yamai akwai CERMES mai binciken cututtuka, akwai LABOCEL da ke haɗa allurar rigakafin dabbobi, akwai INRAN mai kula da irin shuka, da cibiyar binciken tururin ma'adinai ta jami'ar Abdu Mumuni. A Agadas makarantar EMAIR ta daɗe tana horar da ma'aikatan haƙar ma'adinai, kuma tun 2014 jihar ta samu jami'arta. Mafi yawan ma'aikatan kamfanonin Arlit ma ƴan ƙasa ne tun da daɗewa. Inda gizo ke saƙa shi ne: daga wane gida suke fitowa, kuma a wane mataki suke tsayawa? Ƙorafin cewa ɗan yankin ba ya wuce gadi da tuƙi da leburanci yana cikin abubuwan da aka ji lokacin tawayen da ya ƙare da yarjejeniyar 24 ga Afrilu 1995, aka kuma sake jin sa a bakin MNJ a 2007.

Sai dai ba a ƙofar kamfani ake fara tace yara ba. Ɗan makiyayi yakan fara lakkwal ne idan akwai kantin da zai ci abinci. Ranar da tukunya ta mutu, aji ya watse. Wanda ya tsallake zuwa kwaleji sai ya bar iyayensa ya nemi mai riƙo a Arlit ko Agadas. Nan ne ake rasa ƴan mata da yawa, don ba kowane uba ne zai tura ɗiyarsa gidan da bai sani ba. Wanda ya kai lise kuwa, sai ya samu malamin lissafi da na kimiyyar halittu da suka yarda su zauna arewa, kafin ya yi mafarkin bak D. A kowane mataki ana zubar da wasu, kamar ruwa a salka mai huda.

Gyaran ba ya buƙatar mu'ujiza. Dokar ma'adinai ta 2006 ta ware wa ƙananan hukumomin yankin da ake haƙa kashi 15 cikin ɗari na kuɗin da ke shigowa. Me zai hana a yanki wani abu daga ciki don gidan kwanan ƴan mata a Arlit, da tallafin karatu mai sharaɗin dawowa aiki gida? Me zai hana ɗakunan gwajin kamfani da na asibiti su karɓi ɗalibai lokacin hutu, Buzu da Bahaushe, Tubawa da Larabawa da Fulani, mace da namiji?

Ƴan kasuwa ma da ruwansu. Albasar Tabelot da lemun Timiya suna buƙatar mai gane cutar shuka. Raƙuman da ke taruwa Ingal lokacin bikin gishiri suna buƙatar likitan dabbobi mai jin Tamashek, wanda makiyayi zai gaya wa gaskiyar abin da ke kashe masa garke. Alhajin da ya ɗauki nauyin ɗalibi guda, jarinsa ya kare.

Karɓe ma'adini da takarda abu ne na yini guda. Tarbiyyar wanda zai riƙe shi kuwa, daga ajin farko zuwa ɗakin gwaji, shekara goma sha shida ce ko fiye. Yarinyar da za ta auna ruwan Arlit nan gaba, yau tana bin awaki a wani kwari na Ayar. Da sanyin safiya ake kama fara.